Irin Geron da Na Daka

Ko da tsufa zai kwashe mini komi daga kai, ban jin zai taɓa tafiyar da muka yi neman irin gero ni da uwar mijina, shekarun farin nan da rijiyoyin Kamarawa suka koma laka. Ni mutum ce mai son gida. Kafin ranan ko Isa ban taɓa takawa ba, sai labarinta a bakin masu zuwa kasuwa.

Laifina ne kuwa. Gidanmu akwai wani gajeren gero mai saurin nuna, wanda Inna, uwar mijina, ta gada wurin uwarta. Sau biyu maza suka shuka, rana ta ƙone shi. Saura zangarniya kaɗan rataye a rufin madafa, hayaƙi na tsare su daga ƙwari. Ni kuma sabuwar zuwa ce, ba wanda ya gaya mini. Baƙi suka sauka, rumbu ba komi, na ɗaga kai na gan su, na sauke na daka na yi fura. Har yabo na sha!

Da Inna ta ga rufin wayam, ta juyo gare ni. 

"Ɗiyata, kin san mi kika dama? Abincin baɗi ne baƙinki suka shanye."

Na fashe da kuka. Ta ce, "Share hawaye, ɗaura zane. Za ni biɗo shi, kuma ƙafarki ƙafata."

A hanya ta buɗe mini abin da ban sani ba. Ashe a danginsu duk ɗiyar da za a kai ɗaki, sai an sa mata zangarniyar geron nan cikin kaya. Saboda haka Inna ta san garuruwa da matan da aka kai. Ta nuna gabas ta ce can ƙanwarta take, ƙasarsu jigawa ce, yashi zalla. Ta nuna fadama ta ce nan dawa ke yi, geronmu bai son ta. Muka ratsa gulbi da ƙafa, ba ɗigon ruwa, sai Fulani na tonon yashi suna shayar da ƴan shanun da suka rage. Ta ce tana yarinya sai da jirgi ake ƙetare wurin.

A Isa muka sauka gidan ɗiyar wanta. Ita ma yunwa ta sa sun cinye nasu. Ga shi hadari ya fara haɗuwa da maraice, in ruwa ya sauka ba mu da abin sa wa ƙasa. Mai masaukin namu ta ce mu gwada Gangara, ƙasar Sabon Birni.

Motar kasuwa ta rage mana hanya. Inna na ta ba ni labarin kufan Alkalawa, tsohon birnin Gobirawa, da yadda kakanni suka watsu bayansa kowa ya kama gefen gulbi. Ni dai gero ke raina.

A Gangara wurin wata tsohuwa muka sauka, taubashiyar Inna. Tana ganinmu ta tafa hannu.

"A'a! Mutanen Kamarawa! Shekara nawa ba ki leƙo ni ba? Yunwa ta tuna miki hanya ko?"

"Ke dai rowa ba ta kashe ki ba har yau?"

Suka yi ta yi, ni ina tsugune kamar in nutse. Da ta ji abin da na aikata, dariya ta yi har da hawaye, ta ce, "Furar ta yi daɗi dai?" Sannan ta jawo tulu daga ƙarƙashin gado, bakinsa liƙe da laka. Ta fasa lakar. Geron ne, cuɗe da toka. Ta raba biyu daidai, ta zuba rabin a gefen zanena, ba na Inna ba, ta ce in ƙulle da hannuna.

Kwana huɗu da komawarmu ruwa ya sauka. Daminar gajera ce, gonaki da yawa ba su kai ba, amma namu ya nuna kafin ruwa ya ɗauke. Har maƙwabta suka samu iri.

Abin da na koya shi ne, ɗan'uwa na nesa a riƙa zuwa ana gaishe shi tun rumbu na cike. Har yau ban son fita, amma duk kaka sai na shiga mota na zaga dangi, hannuna da ɗan abin da gona ta bayar.