Muryar da Ta Fi Mai Ita Sauri

Ranar Talata, goma sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Injiniya, wadda mu na kusa muke kira Yaya Kashe-Allo, bayan jinyar mako uku a gidanta. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ta bar miji da 'ya'ya huɗu da jikoki, ta kuma bar mu, tarin makafi da kurame da guragu, waɗanda ta shafe shekara talatin da ɗaya tana lallaɓa na'urori su yi mana biyayya.

Yaya, na zauna ne in rubuta miki ta'aziyya mai nauyi irin wadda ake yi wa manya, amma duk abin da na tuno game da ke sai ya sa ni murmushi. Ki yafe mini, laifinki ne.

Ni ma'aikaciyar ɗakin kati ce a asibiti. Aikina in karɓi sunan mara lafiya ta taga, in nemo fayil ɗinsa a kwamfuta, in tura shi wajen likitan da ya dace. Shekara goma sha biyu ina wannan aiki kafin hawan jinin ido ya cinye mini gani, na dama tukuna, sannan na hagu. Ranar da na koma bakin aiki da sanda, shugaban sashenmu ya kira ni ofis, ya ba ni kujera har da ruwan sanyi, abin da bai taɓa yi ba. Nan na san akwai magana. Ya ce an ba ni wata uku. In na nuna zan iya riƙe taga kamar kowa, shi ke nan. In na kasa, a sallame ni da takardar yabo. Shekarata arba'in da ɗaya a lokacin, ban iya wani aiki ba, kuma ba na son wani. Tagata nake so, da bencin nan mai ƙara, da tsofaffin da ke zuwa kati su tsaya ba ni labarin gwiwarsu.

Maigidana ne ya ji labarinki, ya kai ni wurin aikinki. Har yau ina tuna ɗakin da hancina da ƙafata: warin dalma, fanka mai kuka a kusurwa, ga ƙasa fes babu waya ko guda, don kin kafa doka cewa duk wanda ya bar waya a hanya shi zai share ɗakin mako guda, ko da digiri uku gare shi. A nan na ji inda kika samo sunanki. Duk injiniyan da ya kawo miki manhaja yana taƙama ya gama, sai ki ce masa, “Madalla. To, kashe allo.” Sai ya kashe allon kwamfutar, ya yi amfani da abin da ya ƙera ba tare da ya ga komai ba, kina tsaye a kansa. In abin na kurame ne, ki cusa masa auduga a kunne. In na marasa hannu ne, hannu a aljihu. Manyan mutane na ji suna gumi a ɗakin nan.

A wancan lokaci kwamfutocin da ke magana ba su san harshenmu ba. In suka ci karo da sunan mutum sai su tauna shi su tofar, ko uwar da ta haife shi ba za ta gane ba. Kafin zuwana kin riga kin shafe wata takwas kina shiga wani ɗan lungu da kika liƙe da barguna, kina karanta dubban jimloli ana naɗar muryarki, har aka haɗa muryar da za ta karanta duk abin da ke kan allo. Mijinki ya ce a shekarar nan duk bargon da ya ajiye sai ya neme shi ya rasa. Wannan murya, muryarki, ita kika saka mini a kwamfutar ɗakin kati da kuma wayata, kika ba ni iyafis, abin saurare da ake maƙalawa a kunne.

Sai dai fa kin saita ta a hankali, don kina tausaya wa kunnena. Suna ɗaya sai ta ja shi kamar mai karanta wasiyya. Mako guda ina cijewa saboda kunya, ga shi kyauta aka yi mini. Layi ya riƙa kaiwa har bakin ƙofa. Ranar da wata tsohuwa ta leƙo ta taga ta ce, “'Yar nan, ko ita ma kwamfutar ba ta da lafiya ne?” ranar haƙurina ya ƙare. Ina tashi na wuce wurinki, ko gaisuwar kirki ban yi ba.

Na ce, “Yaya, idona ne ya mutu. Kaina lafiyarsa lau.”

Nan take na fara nadama. Sai na ji kin ja kujera kin zauna kusa da ni. Kika ƙara saurin muryar kaɗan. Na ce a ƙara. Kika ƙara. Na ce a ƙara dai. Haka muka yi ta yi har sau tara, sannan na ce ya yi.

Kika ce, “Ke ƙanwata, tsakaninki da Allah kina jin wannan?”

Na ce, “Tar nake ji.” Na maimaita miki jimlar ba tuntuɓe.

Kika ce, “Wallahi ni ko kalma ɗaya ban kama ba. Kuma muryata ce!”

Dariyar da kika yi ranar har sai da kika buga tebur. Shekara da shekaru kina sa mutane kashe allo, ashe ba ki taɓa sanin kunnen makaho ya fi na mai ido gudu ba, don minti goma a duhu ba ya mai da mutum makaho. Ba ki ɓoye wannan kuskure ba. Duk taron da aka gayyace ki sai kin ba da labarinsa, kina kwaikwayon yadda na shigo a fusace, har da ƙarin gishiri. Daga ranar kuma dokarki ta ƙaru: a kashe allo, sannan a kira mai abin ya zauna a kan kujerar. Cikin shekara guda kin ɗauki makafi biyu da kurma ɗaya aiki, kuma babu abin da ke fita daga ɗakin sai sun sa hannu.

Ranar gwajina mutum uku suka tsaya a bayana, ɗaya riƙe da agogo. Na ɗora yatsuna a kan madannai a tsorace, na fara karɓar sunaye. Mutum na shida a layi ya matso taga, na ce, “Suna?” Sai na ji muryarki. Ashe layi kika bi tun safe kamar kowa, kina tari na ƙarya. Kika faɗi sunanki a kunnena na hagu, kwamfuta ta maimaita shi da muryarki a na dama. Da ƙyar na haɗiye dariya, amma daga nan tsoro ya bar ni. Cikin awa guda na sallami mutum arba'in da bakwai, abokiyar aikina ta tagar kusa ta sallami talatin. Shugaban sashe ya karɓi iyafis ɗin ya sa a kunne don ya ji sirrin, ya cire da sauri, ya ce wannan ai hayaniyar tsuntsaye ce. Bai sake yi mini maganar takardar yabo ba. Yau shekara goma sha bakwai ke nan.

Ba ni kaɗai ba ce. Akwai tela kurma da kika haɗa wa fitilar da ke walƙiya in an shigo shagonsa, wanda ya ce tun daga lokacin masu kawo ɗinki suka daina tsorata shi da taɓa kafaɗa. Akwai malamar lissafi da hatsarin mota ya raba da hannayenta biyu, kika ƙera mata madannai na ƙafa, yanzu da babban yatsa take kayar da ɗalibai jarrabawa. Kuma ba zan ce ba ki da zafi ba. Kalmar da kika fi tsana ita ce “abin tausayi”. Wani babban baƙo ya taɓa kiranmu da ita a taro, kika ba shi wayata da allo a kashe, kika ce ya kira direbansa. Muna nan zaune har shayi ya huce.

Da na je duba ki a makon ƙarshe, maganarki ta yi ƙasa, kalma ɗaya sai kin huta. Na ce, “Yaya, a ɗan ƙara sauri mana.” Kika yi dariya har babbar 'yarki ta leƙo ta yi mana faɗa. Da zan tafi kika riƙe hannuna kika ce, “Ke dai ki riƙe tagarki.”

A bakin tagar kuwa labarin ya same ni. Saƙon babbar 'yarki ya shigo wayata, muryarki ta karanta shi cikin daƙiƙa biyu, ya wuce fit. Na ji shi tar, amma zuciyata ta ƙi karɓa. Karo na farko cikin shekara goma sha bakwai na rage saurin, na rage, na sake ragewa, har na kai inda kika saita shi da hannunki ranar farko. A nan na same ki, Yaya, yadda kike magana in kin natsu. Da bakinki, a hankali, kika gaya mini Allah Ya yi miki rasuwa, kika ce a yi miki addu'a. Na yi kuka sosai. Sannan na ce a raina, ashe dai ba ki yi kuskure gaba ɗaya ba, akwai labarin da sai da wannan tafiyar ake iya jin sa. Ina cikin haka wani ya ƙwanƙwasa taga. Na share fuska, na mayar da ke kan gudunki, na ce, “Suna?”

Ina miƙa ta'aziyyata ga mijinki, wanda ya yi haƙurin barguna da sauran abubuwa, da 'ya'yanki da jikokinki, da abokan aikinki, da duk wanda ya tashi yau ya ci abincinsa da aikin hannunki. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya ba mu. Allah Ya jiƙan ki, Ya gafarta miki kurakuranki, Ya haskaka kabarinki, Ya sauƙaƙa miki hanya kamar yadda kika sauƙaƙa mana, Ya sa duk sunan da muryar nan ta karanta ya zama lada a mizaninki. Amin.

Saura shekara biyu in yi ritaya, a kan lokacina, da ƙafata. Kafin nan, gobe ƙarfe bakwai da rabi zan buɗe taga in Allah Ya kai mu. Kada ki makara.