Baƙon da ya zo tambayar yaƙin Alwasa

Lokacin da nake malamin gona a Birnin Kebbi, muna Jihar Sakkwato, wani abokin aikina ya haɗa ni da wani mutum mai rikoda. Mutumin ya ce littafin tarihi yake rubutawa, yana so in kai shi wurin kawuna a Argungu, don ya ji kakan kakan kawun yana cikin Kabawan da suka gwabza da mutanen Gwandu a Alwasa.

Tun a mota hankalina bai kwanta ba. Baƙon bai tambaye ni komai kan yaƙi ba. Da muka kai Zauro sai ya riƙa leƙen fadama, yana tambayar gonakin shinkafar nan na su wa ne, kuma ina iyakar Kabi da Gwandu ta tsaya a da.

Kawu ya tarbe shi da fura, ya ba shi labari yadda ya ji a bakin tsofaffi: yawan mutanen da suka faɗi ranar, yadda Kabawa suka yi ta ƙaura kafin su zauna Argungu, da yadda ƙasar tsakani ta zama wurin da manomi ba ya ajiye mashi nesa da fartanya. Baƙon ya matso da rikoda, ya tambaya ko a wancan zamanin aka samu gonar gidan kawu da ke wajen Gulma, kuma wa ya ba su.

Kawu ya juyo gare ni. "Ɗana, wanga mutum tarihi yaka biɗa ko ƙasa?"

Baƙon ya yi dariya, ya ce duk don littafi ne. Kawu ya ce tsufa ya kama shi, sauran ya manta.

Bayan damina masu awon ƙasa suka zo suka kafa turaku a fadamar Gulma, wai aikin noman rani. Ba su taɓa gonar kawu ba, amma ya rantse baƙona ne ya turo su. Na tsare abokin aikina da tambaya, ya ce shi ma bai san mutumin ba, a bakin ofis ya gan shi. Littafin kuwa ban taɓa ganinsa ba.

Daga baya na sha roƙon kawu ya ƙarasa mini labarin, ni kaɗai. Kullum sai ya tambaye ni lafiyar iyali, ya ce in gaida mutanen ofis.