Harsashin Toktosun

Toktosun maƙwabcina ne a At-Bashi, katanga ɗaya ta raba mu shekara talatin da ɗaya. Gajere ne, hawan doki ya gwame masa ƙafa, idan yana dariya sai ya dafe hularsa. Tun yana yaro ubansa ke hawa duwatsu da shi farautar bunsurun dutse. Kamar kowane maharbi, idan ya sauko da nama, duk wanda ya tare shi ya ce "shiralga", dole ya yanka masa rabonsa, ko da ba sa ga maciji. Shi kuwa nan daɗin duniyarsa yake. Har zagaye yake yi ta bakin kasuwa don a tare shi.

Wata kaka ya samo wasu harsasai masu saurin tsiya. Da sun daki ƙashi sai rigar jan ƙarfen da ta lulluɓe su ta yi gabas, dalmar ta yi yamma, ta watsu cikin nama kamar tsakuwa a shinkafa. Haƙora uku suka tafi a wata guda: na liman, na surukarsa, sai nawa na tauna, wanda har yau ban yafe ba.

Daga nan aka daina tare shi. Idan ya sauko da nama a bayan doki, sai mutane su hau gyaran takalmi ko duban gajimare. Shekara biyu babu wanda ya ce masa "shiralga". Mutumin nan ya rame, wallahi ya ba ni tausayi, amma ramin haƙorina ya hana ni magana.

Bara wani baƙo da ya yi wa jagora ya bar masa kwalin harsashi da ya dace da bindigarsa. Ya leƙo ta katanga yana rawar jiki.

"Sagin! Zo ka gani! Wannan dalmar an narka ta ne ta kama rigar gam, mutu ka raba!"

Na ce, "Yaya, je ka gaya wa liman. Ni saura nawa suka rage mini?"

Da lasisinsa na farauta ya fito, ya hau dutse. Ya samu wani tsohon bunsuru, ya ba shi a kafaɗa. Taku huɗu ya yi ya faɗi. Wajen fiɗa ya ji ƙulli a ƙarƙashin fatar ɗaya gefen, ya tsaga, sai ga harsashi guda cur, ya ratsa ƙashi, kansa ya buɗe kamar lema, ko ɓalli bai yi ba.

Da hantsi ya shigo kasuwa a sukwane, harsashin a sama, yana ihu: "Ga shi nan duka! Ku ƙirga haƙoranku, babu abin da ya rage a cikin naman!" Kowa ya kau da kai. Wata mai sayar da burodi ma ta rufe bakinta da gyale. Na ga hannunsa ya fara sauka a hankali, dariyar tana gudu daga fuskarsa. Na kasa jurewa.

"Shiralga, tsohon banza!"

Ya diro kamar an harbo shi, ya yanko mini cinya. Wani mai gasa nama ya ɗora tsoka a wuta, na tsaya tsakiyar kasuwa ina tauna da gefe ɗaya, jama'a sun zuba wa bakina ido. Na haɗiye, na washe musu abin da ya rage. Sai kasuwa ta ɓarke da "shiralga", har liman yana turereniya.

Na raka shi gida, daga kai sai ƙafafu a bayan dokin. Matarsa Kerimbubu ta fito da babbar tukunya.

"Baban yara, ina naman?"

Ya share ido da hannun riga, yana dariya.

"Sun cinye ni, Kerimbubu. Ko hanta ba su bar mini ba!"