Kawu Bulus da Hakimin Ɗakin Ƙasa

Duk wanda ya taɓa shiga akori-kurar Kawu Bulus a cikinku ya san ba a yi wa mutane alkawarin lokacin isowa. Sai dai a ce, "Muna tafe, in Allah Ya yarda, in kuma ba mu gamu da itace ba." Bawan Allahn nan ido ɗaya yake sa wa titi, ɗayan yana can gefen hanya yana kiwo. Da ya hango reshe a yashe sai ka ji ƙiiii, goshinka ya kusa gaisawa da gilashi.

"Kai, kai, kai! Dubi arziki a kwance, mutane suna ta wucewa kamar makafi! Sauko, 'yar nan, kama can."

Ni Hannatu, 'yar ƙanwarsa, a gidansa na garin Pleasant Garden na sauka da na zo ƙasar Turawan nan karatun nas, don haka bayan matarsa Anti Ladi ba wanda ya kai ni shan hayaƙinsa. Kun dai san gidan: murhun ƙarfe babba a falo, ƙarami a kicin, tulin itace a bayan gida har ya fi katanga tsawo. A ɗakin ƙasa kuma akwai ƙaton injin ɗumama gida mai shan mai, boila, wanda ya tarar da ya sayi gidan. Shi ne Kawu ya raɗa wa suna Hakimi.

Na ce, "Kawu, me ya kawo hakimi kuma a nan?"

Ya ce, "To, ki dube shi mana. Yana zaune, ba ya aikin fari ba ya na baƙi. Ran da ya motsa kuwa, sai haraji!"

Ɗan makunnin boilar da ke jikin bangon falo, tsohuwar hularsa ya kifa masa. Dokar gida ɗaya ce: wanda ya tuɓe wa Hakimi hula, shi zai ciyar da shi. In ka ce sanyi kake ji, ba ya musu da kai. Gatari zai miƙo maka, ya nuna maka ƙofar baya.

Ranar da Ishaya, maigidana, ya zo gaishe shi karon farko a kan maganar aurenmu, ana wani irin sanyi mai shiga ƙashi. Ya sha kwat, ya haddace amsoshin duk tambayar da za a yi masa: 'yan wane gari ne su, wace ikilisiya, wane aiki. Kawu bai tambaye shi ko ɗaya ba. Ashana ya ajiye masa a hannu.

"Ɗan kwamfuta, hura mana wuta mu ji daɗin magana."

Ishaya kuwa ɗan Kaduna ne, da gas ya tashi. Ya cusa jarida, ya jibga itace, ya ƙyasta ashana, bai san ana buɗe marfin bututun hayaƙi ba. Wayyo! Kafin ka ce kwabo falo ya turnuƙe, ƙararrawar hayaƙi ta ɗauki ihu, ni ina tari, Anti Ladi tana kiran sunan Yesu. Sai ga mu duka a waje. Na dubi Ishaya, ba takalmi, safa kawai a kan ciyawa mai ƙanƙara. Na ce a raina shi ke nan, aure ya mutu tun ba a haife shi ba.

Kawu ya gama tarinsa, ya share hawaye, ya ce, "Yaron nan bai iya komai ba. Ko akuya ta fi shi sanin wuta." Ya juyo ya dube ni. "Amma kin lura? Wayarsa tana ciki, takalminsa yana ciki, Ladi ya riƙo ya fito da ita. Na ba shi ke."

Ranar auren kuma fa? Da yawanku kuna wurin. Shi ne zai riƙo hannuna ya kai ni gaban bagadi. Fasto ya shirya, mawaƙa sun yi waƙa sun sake, sun koma kan ta farko, 'yan zumuntar mata suna ta leƙen ƙofa. Ni kuwa kwalliya ta fara narkewa. Can sai ga akori-kura tana tafe tana nishi, cike fal da gumagumai. Kawu ya diro, babbar rigarsa duk garin katako. Kusa da shi ga amininsa Malam Isufu, mutumin Maraɗi, mai aikin saran itatuwa, yana ta sunkuyar da kai don kunya.

"Kawu! Yau fa aurena!"

"Na sani, 'yar nan, ai ga ni. Isufu ne ya kira ni, wai sun kayar da wata ƙatuwar bishiya a titin Gate City Boulevard, in ban zo ba injin niƙa zai cinye ta. Aure ai ba ya gudu. Itace kuwa in ya shiga inji, sai a lahira."

Malam Isufu ya ce, "Wallahi amarya, na ce masa ya bari sai gobe."

"Ƙarya yake yi, shi ya fi ni ɗauka!"

Har yau in na buɗe hotunan bikin, ga ɓawon itace nan maƙale a kafaɗarsa.

Amma ranar Kawu ta gaske ita ce shekarar da aka yi ruwan ƙanƙarar nan da ya karya bishiyoyi, suka faɗa kan wayoyin lantarki. Kwana da kwanaki ba wuta. Gidajenmu suka zama firji. Shi kansa Hakimi, ashe ba ya tashi sai da lantarki! Kawu ya sauka ya dube shi, ya hawo yana dariya har da riƙe ciki. Sannan ya shiga kiran mutane ɗaya bayan ɗaya: "Ku taho, ku taho da yara, ku taho da tukwane."

Muka cika gidan nan maƙil. Hajiya Zainabu, matar Malam Isufu, tana tuƙa tuwo a murhun kicin, Anti Ladi tana kaɗa miyar kuka. Butar ruwan alwalar Malam Isufu tana ɗumi a gefen tukunyar shayin Fasto. Yaranmu da ba sa amsa maka sai da Turanci, ga su tsugune suna gasa dankali a toka, Kawu yana koya musu waƙoƙin da suke yi suna yara a Pankshin. Aka yi hirar Jos, aka yi ta Maraɗi, aka yi musu a kan wa ya fi iya kilishi. Ni dai tun da na bar gida ban ƙara jin ina gida ba sai a kwanakin nan.

Da fitilu suka kawo, yara suka sa ihun murna, kowa ya fara neman makullin motarsa. Kawu ya ɗaga kai ya harari ƙwan fitila.

"Su masu gyaran nan, wa ya aike su? Gaggawar me suke yi?"

Bayan wasu shekaru ciwon ƙirji ya kama Anti Ladi. Likita ya ce ko ƙyas, kada ta ƙara shaƙar hayaƙin itace. Muka rasa mai gaya wa Kawu. Ni da Ishaya muka shirya hujjoji kamar masu zuwa kotu, muka tafi ranar Asabar. Muna buɗe ƙofa ɗumi ya tarye mu, amma murhu a mace, an share tokarsa tas. Ƙasan gida yana wani gurnani. Ga Kawu zaune kusa da Anti yana ɓare mata lemo, tsohuwar hular nan a kansa.

Na ce, "Kawu, wa ya tuɓe wa Hakimi hula?"

Bai ɗago ba. "Ni ne. Na sauka na durƙusa, na ce ranka ya daɗe, talaka ya tuba." Ya miƙa mata lemon. "Ki sha. Hakimi kuwa, ko rijiyar mai yake so ya shanye, ya shanye."

Har ta koma ga Ubangiji bai ƙara ƙyasta ashana a gidan nan ba.

Bayan rasuwarta ya koma ga murhunsa, amma lokacin sanyinsa na ƙarshe ƙarfi ya ƙare, gatari ya fi ƙarfinsa. Ishaya ne yake zuwa ya faskara masa, ya hura masa, don zuwa lokacin ya ƙware. Wata rana da yamma na same shi gaban murhu, ya miƙa tafin hannu yana kallon garwashi. Na ce, "Kawu, tsakaninka da Allah, duk wannan wahala ta mece ce? Rowa ce kawai?"

Ya yi murmushi. "Da rowa a ciki, ba zan ɓoye miki ba. Amma Hanna, boila kowane ɗaki yake ɗumamawa, sai kowa ya shige nasa ya ja ƙofa. A ɗakin innarmu wuta ɗaya ce. In kana son ɗumi, dole ka matso kusa da ɗan'uwanka, ko da kun yi faɗa da safe." Ya gyara itace da ƙafa. "Matso mana. Me kike yi can nesa?"

Na matsa. Muka zauna muna jin ɗumin wuta ɗaya.

Yanzu gidana ɗumi ko'ina, yara kowa na ɗakinsa, ina jin motsinsu ta bango. Wani lokaci sai in tsaya a falo in rasa inda zan miƙa hannuna.

Ya Ubangiji, ga bawanka Bulus, mai taurin kai, mai taushin zuciya. Ka gafarta masa, Ka ba shi hutawa, Ka zaunar da shi kusa da Ladinsa. Mu kuma da muka rage a wannan ƙasa mai sanyi, Ka matso da mu kusa da juna. Amin.