Bokitin Ƙasar da Gwaggo Ta Wanke

Gwaggona tana soya awara a ƙofar gidanmu a Zongo, a ƙasar Togo, kuma tana da 'yar gonar waken soya a bayan gari. Shekarar da nake karatun aikin gona a jami'a, sai waken ya tsumbure, ganyensa ya koma ruwan ɗorawa. Na tumɓuke guda, na ga saiwar duk ƙuraje. Aikin wasu tsutsotsi ne da ido ba ya gani.

Wata biyu ina bin malaminmu kafin ya ba ni bokiti ɗaya na ƙasar gwaji. A cikinta akwai ƙwayoyin da ke manne wa tsutsar, su ci ta har ta kasa yin ƙwai. Na rungumo shi a kan babur har gida, na ce wa Gwaggo ƙwayoyin cuta ne, amma masu amfani.

Da na dawo daga kasuwar Hédzranawoé da la'asar, tun daga ƙofa na ji warin ruwan javel, wanda ake wanki da kashe ƙwayoyin cuta da shi.

"Gwaggo, me kika zuba a bokitina?"

"Na wanke miki ita, 'yar nan. Cuta za ki kai inda nake noma abincin mutane?"

Na yi bayani har muryata ta dushe. Ta saurara tsaf, sannan ta ce in cutar kirki ce, javel ba zai taɓa ta ba. Washegari ta barbaɗa ƙasar a gona da hannunta. Waken bai farfaɗo ba, kuma har yau tana gaya wa masu sayen awara cewa maganin 'yan boko ba ya ci.