Daddawa a Tukunyar Anti Farzana

Wata Laraba ce a tsakiyar sanyin Alƙahira, shekarar da nake aji shida. Ina tsaye a ɗan kicin ɗin maƙwabciyarmu Ba'indiya, ko kayan makaranta ban cire ba, sai ta miƙo min wani ƙaramin gwangwani ruwan ɗorawa ta ce in buɗe. Na buɗe na kai hanci gaba ɗaya, yadda nake yi wa citta da kanumfari a gidanmu. Abin da ya bugi hancina har yau ban samo masa suna ba. In aka haɗa ruɓaɓɓen ƙwai da albasar da ta narke a ƙasan buhu, aka rufe su suka kwana, to an kusa. Na ruga taga na leƙa da kai waje ina kakarin amai, idanuna suna zubar da ruwa. Ita kuwa tana zaune a kujera bakin ƙofa, hannunta ɗaya dafe da ciki, tana cewa da guntun Larabcinta, “Kaɗan ake sawa, Ruƙayya. Sunansa hing.” Ranar na fara koyon girkin Indiya, ba don raina na so ba.

A unguwar Hayyin Ashir muke zaune lokacin, mu a ƙasa, su can ƙarshen bene. Abbanmu yana karatun addini, mijinta ma haka, a masallacin unguwa suka saba. Mu yara Anti Farzana muke ce mata. Ta haifi ɗa namiji ta hanyar aiki, mahaifiyarta kuma ba ta samu zuwa daga Indiya ba. Da Umma ta ji haka sai ta ɗaura ɗamara, don a wurinta mai jegon da ba uwa kusa marainiya ce. Da safe ta dama kunun kanwa, da rana farfesun ƙafar sa ya sha yaji, a ɗora min in hau da shi. Anti Farzana ta karɓa da hannu biyu, ta yi ta godiya, ta kurɓa sau ɗaya ta ajiye. Da yamma in sauko da kwanon yadda na kai shi, sai man da ya daskare a sama. Ta rame, idanunta suka faɗa, nononta ya fara ɗaukewa. Jaririn ya ƙi madarar gwangwani, in an ɗura masa ya dawo da ita. Kukansa yana saukowa har ɗakinmu, tun yana yi da ƙarfi har ya koma kamar na ɗan mage. Mijinta shayi kaɗai ya iya dafawa. Umma tana da tsohon ciki, matakala ta fi ƙarfinta, Larabcinta kuma bai wuce na cefane ba. Ni ce mai ƙafa, ni ce mai Larabcin makaranta. Umma ta ce, “Tunda cikinta ya ƙi namu, je ki ta nuna miki nasu. In uwar ba ta ci ba, me yaron zai sha?”

Na ji haushi ƙwarai. Bayan la'asar lokacinmu ne na saman rufi, ni da 'yan matan Sudan na gidan, tsakanin igiyoyin shanya da kejin tantabarun mai gida. Nan muke carafke da tsakuwar da muke tsinta a bayan gini, mu zana 'yar gala-gala da guntun alli, in mai gas ya zo wucewa yana buga tulunsa da ƙarfe mu leƙa muna kwaikwayonsa. Yanzu rufin nan yana saman kaina, ina jin dirin ƙafafunsu da shewarsu, ni kuma ina tsaye ina wanke adas, ɗan jan waken nan na Masar, da ruwa mai sanyi kamar ƙanƙara.

Abin da take so sunansa kicari. Shinkafa ce da adas ake dafawa tare har su narke, ba tuwo ba, ba fate ba, ba kunu ba. A zuba kurkum, wanda ya rina min farce har malamarmu ta kama hannuna tana tambaya ko shawara nake yi. Daga nan a narka man shanu a ƙaramin kasko, a watsa kamun, wasu 'yan ƙwayoyin kayan ƙamshi, a ɗebo hing a bakin cokali a jefa. Da ya taɓa mai sai warin ya tashi ya kama hijabina, ya bi ni har wurin salla. Akwai kuma wata miya da ake kaɗa nono a ɗora a wuta, nonon da na san na fura ne, ga shi yana tafasa da tafarnuwa. Hulba da Umma ke ba mu a matsayin magani, su a abinci suke zuba ta. In na juye kicarin a faranti sai in kau da kai, don kalarsa da abin da nake gani a kunzugun jaririn, astagfirullah, ba su da maraba. Na faɗa wa Umma haka, ta bugi bakina da bayan hannu, ta tuna min cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai taɓa aibata abinci ba. Bakina ya tuba, amma hancina bai tuba ba.

Da farko ƙona kamun nake yi har ya yi ɗaci. Duk da haka Anti Farzana takan ci loma kaɗan, abin da ba ta yi da farfesunmu ba. Wata rana na sauko da ragowar, Umma ta sa yatsa ta ɗanɗana, ta yamutsa fuska. “Wannan ai ruwan wanke tukunya ne. Da wannan mai jego za ta yi nono?” Ta jawo jakarta ta ƙarƙashin gado, ta kwance leda cikin leda, ta fito da daddawar da wani ɗalibi ya kawo mana daga Zariya. Daddawar nan ko mu sai ranar Juma'a muke ganinta a miya. Ta ɓallo rabin ƙwaya ta danƙa min, ta ce in marmasa in zuba. Da zuciya ɗaya ta yi, ta ɗauki abin da ya fi daraja a ɗakinta ta bayar. Ni ma da murna na hau, ina cewa yau dai tukunyar nan za ta yi ƙamshin abinci.

Ranar Anti Farzana tana ɗaki tana fama da jaririn, ta bar ni ni kaɗai a kicin. Na gama na kai mata a rufe. Tana ɗaga murfin fuskarta ta sauya. Ba ta iya gudu ba saboda ɗinki, sai ta jawo robar wankan jariri ta yi ta amai a ciki, tana riƙe da ciki tana kuka don zafi. Da ta samu numfashi ta tambaye ni, ba da wasa ba, ko ɓera ne ya mutu a tukunyar. Daddawarmu ake ce wa mushen ɓera! Na ce mata gwangwaninta ya fi wari, na sauko ina hawaye. Ranar ba ta ƙara cin komai ba, washegari ma ko ruwan shayi da ƙyar. Kukan yaron ya ƙara ƙanƙancewa, har Abba ya ce gobe sai dai a mayar da su asibiti.

Sai Umma ta miƙe. Ta yafa mayafi, ta dafa kafaɗata, muka hau matakalar nan tana hutawa a kowane hawa. Da muka shiga ta zauna tana haki, ta ce in kawo mata gwangwanin da nake ta ƙorafi a kai. Ta buɗe ta shinshina. Sai ta ture shi da sauri tana “A'uzu billahi,” ta toshe hanci da gefen mayafi. Anti Farzana ta kalle ta, ta nuna tukunyar jiya da ke jiƙe a kicin, ita ma ta toshe nata hancin. Suka kalli juna a haka, mai ciki da mai jego, sai dariya ta ƙwace musu, ɗaya na riƙe ciki don nauyi, ɗaya don ɗinki. Umma ta sa na fassara mata ban-haƙuri, sannan ta juyo gare ni. “Laifina ne. Kowa da warin da ya tashi a cikinsa. Dafa mata yadda uwarta ke dafa mata.”

Na dirje tukunyar da toka da sabulu har hannuna ya yi ja. Na ɗaure hanci da ɗankwali, ina numfashi ta baki, na bi duk abin da ta ce ban ƙara ban rage ba. Kamun ya yi ja bai ƙone ba. Na jefa hing ɗin da hannuna. Ta karɓi farantin ta shinshina a tsorace, ta yi bismilla, ta sa hannu. Ba ta ɗago ba sai da ta suɗe yatsunta, sannan ta miƙo farantin ta ce in ƙara. Haka na ci gaba da hawa kullum bayan makaranta. Wata yamma na shiga na tarar gaban rigarta ya jiƙe sharkaf, yaron yana barci a cinyarta da nono a gefen bakinsa. Ta ɗora yatsa a leɓe kada in tashe shi. Ni dai ban taɓa iya haɗiye kicarin nan ba, ko loma ɗaya, har suka gama karatu suka koma ƙasarsu.

Yanzu ina aure a unguwar Dokki, nan Alƙahira, a gida mai na'urar hawa bene. Maƙwabciyata ta haihu bara, ban sani ba sai da na ga keken jariri a bakin ƙofarta, abincinta kuma mai babur ke kawowa a rufe cikin leda. Matakalar gidanmu ta dā, kowane hawa da warin girkin ƙasarsa, muna wucewa muna tsaki, amma mun san wanda ya ɗora tukunya da wanda ya kwana da yunwa. Tamu ta yanzu tsaf take, ba ta warin komai.