Wayar Kaka Ba Ta da Makulli

Yau shekara guda da rasuwar kakana, na ɗauko ƙaramar wayarsa. Har yanzu tana ƙamshin cittar da yake sayarwa a kasuwar Sabon Gari.

Na taɓa tsokanarsa a rumfa, na ce wayar ba ta ɗaukar hoto, ga shi kowa ya ɗauka sai ya buɗe.

Ya ce, "To me zan ɓoye? Caji ɗaya na yi min mako."

Ranar da ya yanke jiki ya faɗi, rashin makullin ne ya sa maƙwabciyarsa mai manja ta iya kirana, har sau biyar. Tawa mai tsada tana hannuna a Samaru, a mace, ba wuta.

Na bincike tasa kaf. Ba hotonsa, ba muryarsa, sai sunana sau biyar.

Allah ya jiƙanka, Kaka, ya amsa maka, tunda ni ban amsa ba.